Na ce wa Inna wata shida ne

Tun da na dawo kusan kullum sai an tare ni da maganar tafiyata Ostiraliya, a majalisar shayinmu ta bakin titi a Ridina, a ƙofar masallaci bayan la'asar, har ɗan kilandon, mai babur na haya, da ya ɗauko ni daga kasuwar Dembe shekaranjiya da ya ji wani ya ƙwala min kira da ɗan Ostiraliya sai da ya rage gudu ya ce yaya don Allah ta ina ake bi. To bari in rubuta sau ɗaya in huta, wanda ya sake tambaya sai in tura mishi ya karanta.

Bari in fara da abin da ba ku son ji. Bizar nan da na tafi da ita, wadda Faransawa ke ce wa PVT, su kuma can suna ce mata Working Holiday, lambarta 417, ba a ba mai paspo ɗin Chadi. Ba a ba na Kamaru, ba a ba na Najeriya ko Nijar, kai duk Afirka babu ƙasa ko ɗaya a jerin. Yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da gwamnati, in ƙasarka ba ta ciki to ba ta ciki, ko ɗan wa kake. Ni ma ba wayona ne ya ba ni ba, Baba ne Allah ya jiƙansa ya yi shekaru yana aiki a Marsai har ya karɓi takardun zama ɗan Faransa tun kafin a haife ni, na tashi na tarar da paspo biyu. Saboda haka yaron da ya nuna min wayarshi ranar Juma'a, wai wani a WhatsApp ya ce ya kawo sefa 800,000 a yi mishi dosiye cikin sati uku, na riga na faɗa mishi a gaban kowa kuma ina maimaitawa, ɓarawo ne. Bizar ma ba wanda ke yi maka ita, da kanka kake cikewa a intanet a shafin hukumarsu.

To me ya sa zan ɓata lokacinku da labarin abin da yawancinku ba za ku samu ba? Saboda akwai yaranmu da yawa a Faransa da Beljiyam da Kanada masu irin takardata, ƙanne da 'ya'yan 'yan uwa, kuma iyayensu na nan Injamena da Kusseri da Garwa suna jin wai yaro ya ƙara biza ya ƙara biza ba su san me ake nufi ba. Innata ma haka ta yi ta ji.

Ƙa'idar a taƙaice, mai paspo ɗin Faransa daga shekara 18 zuwa 35 zai iya nema, a ba shi shekara ɗaya ya yi yawo ya yi aiki, ya nuna yana da wajen dala 5,000 ta can a banki, kar ya wuce wata shida wurin patiron ɗaya, wato mai ba da aiki, sai a wasu ayyukan da aka yafe, in karatu ne kar ya wuce wata huɗu. Ni sun ƙara min da hoton ƙirji saboda na zauna a gida fiye da wata uku, tarin fuka suke tsoro.

Na sauka Sidni tsakiyar Maris 2023, saura 'yan kwanaki azumi. Kafin in tashi na zo nan na yi wa Inna sallama na ce mata wata shida ne, in koyi Turancin Ingilishi in tara ɗan abin da zan tara in dawo. Wallahi lokacin ba ƙarya nake ba, abin da ke raina kenan. Da nake Liyon ina karatu ba ta taɓa damuwa sosai ba tunda jirgi ɗaya ne daga Pari, ka yi barci ka farka kana Injamena. Wannan kuwa da ƙanwata ta nuna mata a taswira sai ta ce wannan ai bayan duniya ne, akwai Musulmi kuwa? Akwai. Azumin farko a unguwar Lakemba na yi shi, titi guda ake rufewa da dare ana ta sayar da abinci har sahur, Larabawan Labanan da 'yan Bangaladash da 'yan Sudan, na ɗauki bidiyo na tura mata hankalinta ya ɗan kwanta.

Kuskurena na farko shi ne daɗin Sidni. Wata huɗu ina wanke kwanoni a wani gidan abinci da dare, da rana ina sauke kaya a sito, kuɗi na shiga, ina ganin kaina wani ne. Sai wani ɗan Senegal da muke ɗaki ɗaya, shi ma da paspo ɗin Faransa ya zo, ya ce min kai kwana nawa ka tara? Na ce kwanan me? Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Nan ne na gane abin da mutane ke cewa ƙara biza ba ƙari ba ne, sabuwa ce fil kake nema, kuma ba da kuɗi kaɗai ake sayenta ba, da kwanaki ake saye. In kana son shekara ta biyu sai ka yi wata uku kana irin aikin da su suka zaɓa a irin wurin da su suka zaɓa, gona, kiwo, kamun kifi, sare itace, haƙar ma'adinai, gini, ko aikin otel da gidan abinci amma a can arewa da ƙauyukan da suka yi nisa. Wata ukun nan su a wurinsu kwana 88 ne, sun ɗauki watanni uku mafi gajarta a shekara suka haɗa, 28 da 30 da 30. Kuma wurin sai ka duba kod postal ɗinshi a jerinsu, don gona biyu na iya zama titi ɗaya ne ya raba su, ɗaya ana ƙirgawa ɗaya ba a ƙirgawa. Duk kwanonin da na wanke a Sidni ko kwana ɗaya ba su ba ni ba. Tsarin nan tun 2005 yake, dalilinshi kuma ba ɓoyayye ba ne, 'yan ƙasar ba sa son aikin gona, mangwaro da inabi kuma ba sa jiran kowa.

Na kama hanyar Bandabag a jihar Kwinsland cikin Yuli. Garin rake ne da dankali da tumatir. Na sauka a irin masaukin nan da suke haɗa ka da aiki su kuma karɓi haya duk sati, mu takwas a ɗaki, aka haɗa ni da wani ɗan kwangila mai kai mutane gonar dankali. Ƙarfe biyar na asuba mota ta ɗauke mu cikin sanyi, don Yuli can hunturu ne, mu wuni a duƙe muna bin bayan tarakta, ran Juma'a ya miƙo kuɗi a ambulan. Ni kuma ɗan Injamena, an ba ka kuɗinka a hannu cif me kuma za ka tambaya? Sai da na yi kwana 23 wata Bajamushiya ta ce min ina takardar albashinka, fish da pe, na ce wace takarda. Ta ce to kai aikin sadaka kake yi. Na je na same shi ya ce gobe, gobe ya ce sati mai zuwa, sati mai zuwa wayarshi ta daina shiga. Kwana 23 sun bi ruwa, bayana kuma har yau in sanyi ya shigo yana tuna min da dankalin nan.

Wannan shi ne abin da nake so duk wanda ke da yaro a can ya faɗa mishi da babbar murya. Hukumar ba ruwanta da gumin da ka zubar, takarda take ƙirgawa. Takardar albashi mai ɗauke da sunanka da lambar rajistar kamfanin wadda suke ce wa ABN, da awannin da ka yi, kuɗin kuma ya bi ta banki yadda in an duba za a ga ya shiga. In ana biyanka da yawan abin da ka tsinka ne to a rubuta a takarda, kuma tun Afrilu 2022 doka ta ce ko da kwando ake biyanka ba za a ba ka ƙasa da ƙaramin albashin awa ba. In kana aiki cikakken sati kamar kowa har ranakun hutun ana ƙirga maka, amma ranar da ruwan sama ya hana aiki ba a biya ka ba to ba ta cikin lissafi, shi ya sa wata ukun kan koma huɗu ko biyar. Akwai masu sayar da takardun bogi, ni ma an yi min tayi a masaukin nan bayan da aka ga halin da na shiga, kuma ba zan ɓoye ba na kwana ina tunani. Abin da ya hana ni, ban da tsoron Allah, in suka kama ka da takardar ƙarya shekara uku ba za su sake ba ka biza ba, kuma suna kiran gonakin su tambaya.

Na samu wata gonar ta mutanen kirki na yi kwana 41 da takardu, daga nan aka ce mangwaro ya kusa a Katarin, can yankin Arewa, wajen kilomita 320 kudu da Darwin, na bi wasu Faransawa biyu a tsohuwar motarsu muka yi kwana huɗu a hanya. Yankin nan gaba ɗayanshi ana ƙirgawa, ba sai ka duba lamba ba. Na tafi ina taƙama ni ɗan Chadi ne, wanda ya sha zafin Afrilu a Injamena wane zafi za a nuna mishi. Ashe namu busasshe ne, ka shiga inuwa ka sha karkanji ka dawo hayyacinka. Nasu na Oktoba da Nuwamba kafin damina ta sauka jiƙaƙƙe ne, kamar an kifa maka tukunyar tuwo, inuwar ma ba ta da amfani. Ga mangwaron nasu in ka tsinke shi wani ruwa ke tsartowa daga wuyanshi, in ya taɓa fata sai ta tashi kamar ƙuna, dole dogon hannu da safar hannu cikin wannan zafi. Ni da na tashi ina jifan mangwaro da dutse ban taɓa sanin yana ramawa ba. Kwana 52 na yi. Da na 41 ɗin sun zama 93, na bar rarar biyar saboda ko za su ce wata rana ba ta yi ba.

Janairu 2024 na cika takardun a waya, na biya dala 635, wajen sefa 250,000 a lokacin, na loda takardun albashin ɗaya bayan ɗaya. In kana cikin ƙasar ka nema kuma ta farkon ta ƙare ba su amsa ba, akwai wata bizar jira da ke kama aiki da kanta, kana nan halal, sai dai kar ka fita ƙasar da ita, in tafiya ta kama dole sai ka nemi wata daban mai ba da izinin fita da dawowa. Abin da ba a yi shi ne ka bari ta mutu ba ka nemi komai ba, in ka wuce kwana 28 a haka shi ma shekara uku ne. Tawa ba ta daɗe ba ta fito.

Cika takardun bai kai awa biyu ba. Kiran Inna kuwa sai da na yi sati ina ɗagawa.

Tsakaninmu da Kwinsland awa tara ne, in na tashi aiki da yamma ita lokacin ta idar da walaha, to a nan muke magana. Na fara da zagaye-zagaye, ina ba ta labarin albashi, na ce Inna nan fa mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a ba mutum dala 23 ne da 'yan kai a awa ɗaya. Shiru ta yi, can ta ce dala ashirin da uku? Kan dala ashirin da uku ka bar gida? Ita dalarmu ta nan ta lissafa, ta sefa biyar, wato ɗari da sha biyar, ko kuɗin kilando zuwa kasuwa bai kai ba. Muka yi ta dariya ni da ƙanwata, da na ga ta saki rai sai na sako maganar, na ce an ƙara min shekara. Ta ce wa ya ƙara maka? Na ce hukuma. Ta ce su suka kira ka suka ƙara maka ko kai ka je ka roƙa? Ban da amsa. Ta ce wata shidan naka na da tsawo, Allah ya tsare, ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Shekara ta biyu na shiga da wayo, na ce wannan karon ba za a yi da ni a gona ba. Tun Yuli 2019 akwai shekara ta uku, amma ita wata shida take ci, kwana 179, kuma sai ka yi su cikin biza ta biyu. 'Yan Ingila ne kaɗai aka ɗauke wa wannan wahalar, daga Yuli 2024 su shekara ukun suke samu ba tare da sun taɓa ƙasa ba, saboda yarjejeniyar kasuwancin da ƙasashen biyu suka yi, ranar da labarin ya fito ka ga fuskar Faransawa da Italiyawa abin tausayi. Ni dai na nemi aikin da ruwan sama ba ya tsayar da shi, aka ce mayanka. Na tafi Rokamton, garin shanu, har gumakan bijimai suka kafa a bakin titunan shiga gari. Aka yi min allurar wani zazzaɓi da ake ɗauka daga dabbobi, aka ba ni farin kaya da bot da safar ƙarfe.

Wanda ya san gidanmu ya san abin dariyar da ke nan. Mu 'ya'yan fawa ne, kakana da wuƙa ya zo garin nan daga Kano, kawunnaina har yau da asuba suna Farsha wurin yanka, kuma duk wahalar da Baba ya sha ta sa ni lekol don kar in riƙe wuƙa ne. Na yi bak, na yi jami'a a Liyon, na keta duniya, na ƙare a kwata. Shanun ma irin namu ne masu tozo, Brahman suke ce musu, ranar farko da na hango su a shinge sai da na ji wani abu a ƙirjina. Ba ni ke yanka ba, masu yankan halal daban suke da takardar shaidarsu, ni ina ɗakin da ake raba nama da ƙashi, cikin sanyi kamar firiji, tsaye awa takwas zuwa tara. Amma hannu ya san abin da ya gada, cikin wata ɗaya shugaban layinmu yana tambayata a ina na koya. Da na faɗa wa Kawu ya yi dariya har ya ƙware, ya ce to ka dawo mana ga wuƙar kakanka nan tana jiranka, mu ba ma neman biza.

Aikin nan ya biya ni, ba zan yi butulci ba. Da shi aka sake rufin ɗakin Inna, da shi aka yi kayan ɗakin ƙanwata, bikin kuma a waya na kalle shi ƙarfe huɗu na asuba ina zaune bakin gado da kayan aiki a jikina, hoton na tsayawa yana tafiya. Layya biyu na yi a can, ɗan fawa guda yana aika kuɗin rago ana turo mishi hoto.

Ranar 19 ga Yuni 2024 da safe, kwana biyu-uku bayan layya, muna hutun shan shayi na buɗe waya na ga Facebook ya cika da wuta. Ma'ajiyar makaman soja ta Guji ce ta kama cikin dare, harsasai da rokoki na tashi suna faɗawa unguwanni, sararin Injamena ya yi ja. Na kira Inna ba ta shiga, na kira ƙanwata, na kira Kawu, na kira duk lambar da ke wayata mai farawa da 235, babu. Ƙararrawa ta buga aka ce a koma layi. Na koma, wayar na cikin akwatin ajiya tunda ba a shiga da ita, na yi awa uku ina yankan nama ban san ko ina da uwa ba. Da na fito na tarar da saƙon murya, lafiya lau suke, sun kwana a tsakar gida ne suna salati. A kalandar da nake sa wa alama a bango ranar ita ce kwana na 72, kuma na sa mata alamar, don an biya ni ita.

Na cika 179 ɗin cikin Oktoba, daidai lokacin da kogin Shari ya cika ya tumbatsa ana ta turo min hotunan mutane a kwalekwale cikin unguwanni. Takardu sun cika, kuɗin biza na nan, ɗan Senegal ɗin nan har ya nemi tashi ta uku yana ce min me kake jira. Na buɗe shafin ya fi sau goma. Ƙarshen Fabrairu 2025 na hau jirgi, na sauka ana saura kwana biyu azumi.

Abin da ban faɗa wa Inna da wuri ba shi ne kwanakin nan ba sa lalacewa. Ba dole sai kana can za ka nemi ta ukun ba, daga nan ɗakina zan iya, muddin ban cika 36 ba, in sun ba ni kuma ina da shekara guda kafin in shiga. Har kuɗin fanshon da patiron ke zuba wa kowane ma'aikaci, kashi 11 ne lokacin da na fara kwata ya koma 11.5, ban taɓa nawa ba, don in ka ce a ba ka bayan ka bar ƙasar kashi 65 suke cirewa haraji in da irin bizarmu ka yi aikin, ka ji fashi da rana tsaka. Na bar shi can, wai ko zan koma.

Ƙanwata ce ta tona ni, bakinta ba ya riƙe ruwa. Washegari Inna ta ce in kawo mata takardun ta gani, na kawo kundin gaba ɗaya, takardar albashi sati-sati har 26, ta jujjuya su duk da ba ta karanta boko, ta buɗe akwatinta na ƙarfe ta sa su can ƙasan zannuwa ta kulle. Na ce Inna ai duk suna cikin wayata. Ta ce ta sani.

Jiya da dare muna cin tuwo ta tambaye ni wai shekara nawa ne suke rufe ƙofar, na ce 35, ta ƙirga da yatsu daga 29 ta ga da saura. Sai ta ce to ita bizar ana tafiya da iyali? Na ce a'a, ba a zuwa da yara, mata kuma sai in ita ma tana da irin paspo ɗin ta nemi tata. Ta ce madalla, ta ƙara min miya, ta ce gobe bayan la'asar in sa babbar rigata in raka Kawu unguwar Mardjan Dafak, akwai gidan da za mu je gaisuwa.